Shafi na Huɗu

Likitan ƙirji ya yanko filasta da almakashi, ya manna a kusurwar hoton inda aka rubuta sunan mara lafiya, ya danne da babban yatsa har sai da ya tabbata ko harafi ɗaya ba ya leƙowa. Haka aka saba a asibitin tun kafin ya zo. Duk hoton ƙirjin da zai fita zuwa gaban ɗalibai ko wani taro, sai an rufe sunan mai shi, kuma da zarar an rufe, hoton ya zama na kowa, ba a neman izinin kowa. Ya gama da na farko da na biyu cikin minti guda. Na ukun ne ya daɗe a hannunsa.

Da ƙarfe goma sha ɗaya na wannan safiya kwamitin lafiya na majalisa zai saurari ra'ayin jama'a kan ƙudurin dokar taba sigari, kuma shi ƙungiyar likitoci da ma'aikatan jinya ta zaɓa ya yi magana da yawunta. Rigimar duk a kan sashe na tara take, wanda ya hana shan taba a kowane rufaffen wuri da mutane ke haɗuwa, ofis ne ko motar haya ko ɗakin jira. Dillalan taba sun nemi a soke sashen. Hujjarsu ita ce mai sha kansa yake cuta, na gefensa ba abin da ke samunsa sai wari.

Babbar Sista ta turo ƙofa ba tare da ƙwanƙwasawa ba, kamar yadda ta saba yi shekara talatin.

"Likita, bas ta iso. 'Yan matan nan sun sha guga kamar masu zuwa ɗaukar hoto, kai kaɗai ake jira."

Sai idonta ya sauka kan allon haske, inda ya maƙala hoton na uku. Ta matso, ta gyara zaman tabarau.

"Wannan ai na Malama ne."

"Ba shi da suna, Sista."

"Ni za ka yi wa wannan? Ga tabon karayar nan a haƙarƙarin dama, tun lokacin da ta zame a matakalar makarantarsu. Ni na riƙe ta aka ɗauki hoton." Ta sassauta murya. "Ta sani?"

"Ka'ida ta ce a rufe suna. Na rufe."

"Ka'idar asibiti ke nan. Ta gida fa?"

Ya zare hoton, ya zura shi cikin babban ambulan tare da sauran biyun, ya ɗauki takardun jawabinsa.

Malama matarsa ce. Ta koyar da lissafi a makarantar sakandare har numfashi ya hana ta tsayuwa gaban allo. Yanzu wuninta a kujerar bakin taga yake, da siririyar roba a hanci, na'urar iska na gurnani a gefenta. Jiya da la'asar ta karɓi jawabin nan ta bi shi da jan biro, yadda take yi wa duk abin da ya rubuta tun suna ango da amarya. Ta gyara masa kaso biyu da ya haɗa ba daidai ba, ta soke wata jimla da ta ce ta cika kuri. Sannan ta ƙirga takardun.

"Na uku, sai na biyar. Shafi na huɗun fa, Baban yara?"

"Alƙaluma ne zalla. Za su sa miki ciwon kai."

"Ni alƙaluma za su sa wa ciwon kai?" Ta dube shi ta saman tabarau na ɗan lokaci, ta miƙa masa takardun. "To, shi ke nan. A rediyo zan ji, ai sun ce kai tsaye za a watsa."

Babu alƙalami ko ɗaya na ƙididdiga a shafi na huɗu. Jimloli uku ne a kan hoton na uku: mace ce mai shekara hamsin da tara, ba ta taɓa kai karan sigari bakinta ba, wani a gidansu ya yi shekara goma sha takwas yana sha a ɗakin da take kwana. Mako guda ya yi yana juya kalmar nan ta “wani” kafin ya bar ta. Ba ƙarya ba ce, kuma ba ta nuna kowa ba, shi ya sa ta yi masa daidai, shi ya sa kuma bai iya bari jan biron Malama ya bi ta kanta ba.

A kan baranda shugaban asibitin ya tare shi. Mutum ne mai ladabi, wanda a da ɗalibinsa ne, har yau kuma in za su gaisa sai ya ɗan rusuna.

"Malam, don Allah a tsaya kan ilimi kawai. Mu ma'aikata ne, siyasa tana da masu ita. Tun jiya an kira ni sau biyu."

"Da sunan ƙungiya zan yi magana, ba da sunan asibitinka ba."

"Na sani, Malam. Amma da rigar nan za a gan ka."

Likitan ya dubi farar rigar da ke jikinsa, ya dubi fuskar mutumin. Wannan fuskar ce, tana ƙuruciya, ta zauna gaban Malama shekarun baya, ranar da ya fara kawo ta asibiti kan tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A takardar da ake cike wa sabon mara lafiya gurbi ɗaya ne tak game da taba: yana sha ko ba ya sha. Matashin likitan ya tambaye ta, ta yi dariya ta ce a'a. Akwai tambaya ta biyu, wadda ba ta cikin takardar amma duk ɗalibin da ya ratsa hannunsa ya san ta, domin shi da kansa yake koya musu: to a gidan fa, akwai mai sha? Matashin ya ɗaga kai zai yi ta, ya ga malaminsa tsaye bayan kujerar matar, sai nauyi ya kama shi, ya sunkuya ya rubuta “ba ta sha”, ya wuce. Shi kuma ya karɓi takardar ya sa hannu a ƙasa, da kwalin sigari a aljihun wandonsa. Shekara uku aka yi ana yi mata maganin asma, har ranar da aka ɗauki hoton da ke cikin ambulan ɗin nan.

Tsakaninsa da shugaban asibitin ba a taɓa tayar da wannan zance ba. Tsakaninsa da Malama ma haka. A lissafinsa ya daina ne a shekara ta goma sha takwas da aurensu, ranar da tarin ya fara, ya fitar da farantin toka daga ɗakin kwana ya ce mata an gama. Abin da ya biyo bayan wannan rana bai taɓa sa shi a lissafi ba.

"Zan tsaya kan abin da na sani," ya ce wa shugaban, ya sauka matakala.

Zauren kwamitin dogon ɗaki ne mai manyan tagogi, da teburi mai siffar kofaton doki inda 'yan majalisa bakwai suka zauna. Ma'aikatan jinya suka cika layuka uku da fararen kaya, dillalan taba suka zauna a ɗaya ɓangaren bayan lauyansu. Mutumin gidan rediyo ya ɗora makirufo a gaban kujerar masu ba da bahasi, ya buga shi da yatsa sau biyu. Wani dattijon ɗan majalisa ya shigo a makare, ya bi ta bayan likitan zuwa kujerarsa, yana tafe da warin karan da ya kashe a waje yanzun nan. Likitan ya shaƙa ba tare da niyya ba. Shekara goma sha biyu rabonsa da taba, amma har yau warin daɗi yake masa, kuma wannan ma yana cikin abubuwan da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Da aka kira shi ya karanta shafuka ukun farko a tsanake, da muryar da masu sauraren shirin lafiya na rediyo suka sani. Na'urar haska hotuna ta zauren ta ƙi tashi, don haka ya je bakin taga ya ɗaga hoton farko sama, hasken rana ya ratsa shi. Huhun direban motar haya ne mai shan kwali biyu a yini. Na biyu na wani magini ne. 'Yan majalisa suka gyaɗa kai, irin gyaɗawar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani.

Ya ɗaga na uku.

"Ku dubi yadda huhun nan ya kumbura ya danne komai, kamar balan-balan da aka hura aka hana shi sacewa. Mai wannan ƙirji iska na shiga mata, fitar da ita ne aiki. Mace ce mai shekara hamsin da tara. Ba ta taɓa kai karan sigari bakinta ba. Wani a gidansu ya yi shekara goma sha takwas yana sha a ɗakin da take kwana."

Ya koma kujerarsa yana jin kamar ya tsallake rami.

Shugaban kwamitin ya ba lauyan dillalai dama. Lauyan ya miƙe yana murmushi, ya ɓalle maɓallin kwat ɗinsa.

"Yallaɓai likita, ni ma mai sauraren shirinka ne. Mahaifiyata ba ta yarda a yi tari a gida in kana magana." Aka yi dariya. "Hotuna biyun farko ba mu da ja. Sun sha, sun gani. Na ukun nan ne nake son ka taimaka mini. Matar nan, da itace take girki?"

"A'a. Da gas."

"Ta yi aiki a masana'anta? Wurin ƙura, wurin fenti?"

"A'a."

"A fayil ɗinta na asibiti, an rubuta cewa akwai mai shan taba a gidansu?"

"Ba a rubuta ba."

"Ba a rubuta ba." Lauyan ya juya ga 'yan majalisa, ya buɗe hannuwa. "Ranku ya daɗe, ga hoto babu suna, ga labari babu takarda. Wani, a wani gida, a wani ɗaki. Ba na cewa yallaɓai ya ƙirƙira, Allah ya kiyaye. Amma mara lafiya in ta ga likita na neman dalili, takan samo masa. Wataƙila mijin sau biyu ya taɓa sha a bakin ƙofa, ita kuma tana da nata haushin." Aka sake dariya, har da dattijon nan. "Likita, shekara goma sha takwas ɗin nan, wa ya ƙirga? Ka ga ɗakin da idonka?"

Yana iya cewa sirrin mara lafiya ne, a wuce wurin. Ka'ida ta ba shi wannan mafita, kuma babu wanda zai zarge shi. Sai dai ya san in ya bi ta, hoton na uku ya faɗi, sashe na tara kuma zai bi shi. Ya dubi makirufon. Baƙar wayar da ke jone da shi ta sauka daga teburi ta bi ƙasa ta fita ta ƙarƙashin ƙofa, ya ga kamar ita ce ta miƙe har bakin tagar gidansa, inda wata mata ke zaune da ƙaramar rediyo a cinya. Dariyar nan da aka yi, a kanta aka yi, kuma ta ji.

"Na ga ɗakin," ya ce.

"Ka ziyarce su ke nan?"

"Taku huɗu ne tsawonsa, faɗinsa uku da rabi. Taga ɗaya gare shi, ita ma a rufe take saboda sauro. Farantin tokar a gefen dama na gadon yake, ita tana kwana a hagu, wajen bango. Mutumin yakan sha biyu kafin ya kwanta, ɗaya da ya farka, kafin ya ce mata ina kwana. Ka tambayi dalilin da ya sa ba a rubuta a fayil ba. Likitan da ya duba ta ya ji nauyin yin tambayar ne, domin mijin na tsaye a wurin, kuma mijin malaminsa ne. Mijin ne ma ya sa hannu a ƙasan takardar. Sunan mara lafiyar na rufe shi da filasta, kamar yadda aka koya mini. Sunan mai shan tabar ba ni da hurumin rufewa. Ni ne."

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce “innalillahi” a hankali, aka ji ta har gaba. Lauyan ya buɗe baki, ya dubi takardunsa, ya maida maɓallin kwat ɗinsa.

"Ba zan rantse muku cewa hayaƙina kaɗai ya yi wannan ba," likitan ya ci gaba. "Likita ba ya rantsuwa kan mutum ɗaya. Kuma dokarku ba za ta shiga ɗakin kwanan kowa ba, na sani. Amma ni ƙirji na karanta, na san abin da hayaƙi ke yi fiye da duk wanda ke zauren nan, ina kuma son matar nan, duk da haka ban fita waje na sha ba, domin babu wanda ya isa ya ce mini in fita. Ita tana jin kunyata, ɗalibaina suna jin nauyina. Mai share ofis ma haka take da maigidanta, fasinja haka yake da direba. Sashe na tara shi ne zai faɗa musu abin da su ba za su iya faɗa ba. Iyakar abin da na zo da shi ke nan, ranku ya daɗe."

Shugaban kwamitin ya yi gyaran murya, ya gode wa kowa, ya ce za a ɗage zama zuwa mako biyu, kuma mai yiwuwa a sake kiran wasu daga cikin masu bahasi. Bai ce komai kan sashen ba. Da ake fita, dattijon ɗan majalisar ya tsaya kusa da likitan kamar zai yi magana, ya shafa aljihun rigarsa, ya wuce.

A cikin bas ba a yi waƙar da 'yan matan suka shirya ba. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, shugaban asibiti sau uku, babbar 'yarsa sau biyu, bai ɗaga ba. Babbar Sista ta zauna kusa da shi, sai da suka wuce kasuwa ta juyo gare shi.

"Ka yi wa majalisa bayani," ta ce. "Saura mai ƙirjin."

Ya isa gida rana ta yi sanyi. Malama na kujerarta a bakin taga, rediyon a kashe kan cinyarta, na'urar iska na ta gurnaninta. Ya tsaya a bakin ƙofa da ambulan a hannu, kamar baƙon da ba a ce ya shigo ba.

"Sannu da zuwa, ɗan siyasa," ta ce. Takan yanka magana gunduwa-gunduwa saboda numfashi. "Babbar 'yarka ta kira ni tana kuka. Ƙanwarka ta kira. Har matar da muka yi aiki tare, wadda rabona da ita shekara goma. Kowa ya ga ƙirjina yau."

"Malama, na yi miki laifi. Na ɗauki hoton ban..."

"Wannan ka bar shi gobe. Yau ban shirya yafe shi ba." Ta miƙo hannu. "Kawo shafi na huɗun."

Ya laluba cikin takardun ya ba ta. Ta sa tabarau, ta zaro jan biro daga gefen kujera, ta karanta jimlolin uku a hankali, leɓɓanta na motsi. Sannan ta ja layi kan “goma sha takwas”, ta rubuta wani abu a samansa, ta juyo masa da takardar. Ashirin da ɗaya.

"Shekara ukun banɗaki," ta ce. "Kakan saki famfo don kada in ji ƙarar ashana. Ƙofar nan ba ta kai ƙasa ba, Baban yara. Yatsu uku ne tsakaninta da siminti, kuma kaina a wajen ƙofar yake."

Ya jawo ƙaramar kujera ya zauna gabanta.

"Kin sani duk tsawon nan?"

"Hancina lafiyarsa lau. Huhun ne ya lalace."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Ka ce mini ka daina. In na faɗa, na mai da kai maƙaryaci a gidanka." Ta tsaya ta ja iska, ta sake ta a hankali ta tsukakken baki, yadda shi ya koya mata. "Na ce bari in jira ka faɗa da bakinka. Ban zaci sai an tara majalisa da rediyo ba. Kuma da ka tashi faɗa, sai da ka rage uku."

Ya sunkuyar da kai. A waje wani ya wuce yana tallan ruwa, muryarsa ta yi nisa.

"Sun ce za su sake kira bayan mako biyu," ya ce.

"Na ji. In ka koma ka gyara musu lissafin. Ba na son a kafa doka kan amsar da ba daidai ba." Ta ɗora takardar kan gwiwarsa, ta nuna kalma guda da bakin biron, wadda ba ta taɓa ba. "Wannan kuma ba aikina ba ne."

Ta miƙa masa jan biron. Ya karɓa, ya gyara zaman takardar, ya ɗora bakin biron kan “wani”.